Kututturen Kirya da Sunan Agag

Akwai wani mutum, manomi, wanda ya sami sabon daji zai yi sassabe. Dajin yana iyaka da gidan matar marigayi yayansa, gwauruwa mai 'ya'ya uku, shingen ƙaya ne kawai a tsakani. A bayan shingen rumbunta yake, da sauran dawar da za su ci, da irin da za ta shuka in ruwa ya sauka.

Mutumin ya sare itatuwa, ya bar su suka bushe, sa'an nan ya sa wuta. Al'adar manoman wurin kuwa ita ce, ba a barin gona da hayaƙi. In an gama ƙuna, sai a bi kututture ɗaya bayan ɗaya, a tone gindinsa, a zuba ruwa, a sa hannu a ji ya huce. Haka ya yi. Kwana biyu yana jan ruwa a rijiyar gwauruwar, har kafaɗunsa suka yi tsami.

Sai ya iso wurin wani kututturen kirya, babba, wanda ya daɗe da bushewa. Wuta tana cinsa a hankali daga ciki. Ya tsaya da tulu a kafaɗa yana kallo. Kowa ya san babu gawayi kamar na kirya, shi maƙera suke nema. Ya ce a ransa, "In na rufe shi da ƙasa zai zama gawayi. Maƙeri ya ƙera mini fartanya biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta matar Yaya. Ai alheri ne." Ya sauke tulun, ya tura ƙasa a kai.

Gwauruwar ta leƙo ta kan shinge. Da ma akwai wasa tsakaninsu.

"Ƙanin miji, ƙarfin ne ya ƙare? Ga ɗaya can yana hayaƙi."

"Matar Yaya, wannan ajiya ce. Fartanyarki ce take nuna a ciki."

"Ni na aike ka? Yayanka ya fi ka son inuwa, amma bai taɓa barin gona da hayaƙi ba."

Ya yi dariya. "Na rufe shi. Ina zai je? Kututture yana da ƙafa ne?"

"Kai ka sani," in ji ta, ta koma wurin dakanta.

Saiwar kirya tana tafiya nesa a ƙarƙashin ƙasa, wannan kuwa busasshiya ce. Wutar ta bi ta, ba harshe, ba ƙara. A rana ta biyar, da tsakar rana, mutane duk suna kasuwa, ta ɓullo a gindin shingen. Iskar bazara ta ɗauke ta daga ƙaya zuwa jinkar rumbu.

Da mutumin ya iso a guje, ya tarar an gama. Matar yayansa tana durƙushe tana tona toka da sakaina, ko za ta sami abin da bai ƙone ba. Ya ɗauki fartanya ya tone gindin shingen, ya ga layin farar toka. Ya bi shi yana tonawa, taki ashirin, har ya kai shi gindin kiryarsa. Nan ya zauna a ƙasa.

Ba ta zage shi ba. Ta ce kawai, "Me zan shuka?"

Ya raba rumbunsa biyu, ya ba ta rabi, ya raba irinsa. Daminar nan gidajen biyu sau ɗaya suke ɗora tukunya a rana. Ta ce ta yafe masa, ta kuwa yafe. Amma wasan nan bai dawo ba. In ya shigo, sai ta ce, "Sannu da zuwa," yadda ake ce wa baƙo.

Ga ma'anar wannan misali. A makon jiya wata a cikinku ta tambaye ni ma'anar sunan Agag, sarkin Amalekawa, maƙiyan Isra'ila. Na bincika. Masana da yawa suna ganin sunan sarauta ne, sarki bayan sarki yana ɗaukarsa, kamar Fir'auna a Masar. A kan ma'anarsa bakinsu bai zo ɗaya ba, amma waɗansu sun ce yana nufin harshen wuta.

An umarci Sarki Saul na Isra'ila kada ya rage kome na Amalekawa. Ya hallaka abin da ba shi da daraja, ya bar Agag da rai, ya bar tumaki masu ƙiba, ya ce na hadaya ne. Bai ƙi aikin ba, ya yi kusan duka. Abin da ya burge shi ne ya ajiye, ya kuma sa masa suna mai kyau.

Mu ma haka muke. Zunubin da ba ya mana amfani, da sauƙi muke zuba masa ruwa. Wanda muke so kuwa, mukan rufe shi da ƙasa. Gaba da 'yar'uwa mu ce kare mutunci ne. Tsegumi mu ce muna faɗa ne don a yi addu'a. Sau da yawa kuma ba gidanmu yake fara ci ba, sai gidan wanda yake kusa da mu, wanda bai aike mu ba.

Allah yana gafarta wa mai tuba, wannan ba shakka. Amma akwai abin da in ya ƙone ba ya dawowa a duniyan nan. Saul ya rasa sarautarsa. Ya kuma rasa Annabi Sama'ila, wanda ya zuba masa mai a kā ya naɗa shi sarki. Tsohon ya koma garinsu yana makoki dominsa, bai ƙara taka ƙafa ya je wurinsa ba har ya mutu.