Lomar Jatau Masaƙi

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, ana ce masa Jatau masaƙi. Bawan Allah ne marar yawan magana. Sauran mutanen garin kuwa, Allah ya hore musu baki.

'Yarsa ɗaya ce, Tasalla, mai cikar jiki irin na mahaifiyarta marigayiya. Ranar wani biki gwaggonta ta dube ta a gaban mata ta ce, "Ke kam, wane miji zai iya ciyar da rumbu?" Aka kwashe da dariya. Wasa ne ai. Kullum wasa ne.

Daga ranar Tasalla ta soma tsoron akushi. Yau ta ce ta ƙoshi, gobe ta ce ta ci a maƙwabta, tuwon kuwa kaji ke cinyewa a bayan ɗaki. Kafin kaka, awarwaro ya daina zama a hannunta.

Ku saurara! Bakin da ya ce rumbu, shi ya dawo ya ce tsinke. Wasu suka ce mayu ne, wasu suka ce uban ne marowaci. Babu wanda ya ce, "Mu ne."

A garin ana ciyayya: kowane magidanci ya fito da tuwonsa ƙofar gida, maza su haɗu su ci. Jatau ya nemo magani wurin masu sani, sannan ya ɗauke akushinsa ya koma cikin gida.

"Uwata, zo mu ci."

"Baba, na ƙoshi."

"To, ni ma na ƙoshi." Ya rufe da faifai.

Kwana biyu ana haka. Ran na uku ta ce, "Baba, saƙa kake yi, za ka faɗi."

Ya ce, "Loma ɗaya ke, loma ɗaya ni. Ba zan wuce ki ba."

Ta yi kuka, ta ci ɗaya. Ya ci ɗaya.

Baidu mahauci ya tare shi a hanya. "Jatau, da gemunka kake cin tuwo da mace? Ko nama kake ɓoye mana?"

Jatau ya ce, "'Yata nake jira, tana tafe a hankali."

A hankalin kuwa. Yau loma biyar, gobe babu. Jatau ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, bai taɓa ce mata dubi yadda kika mai da ni ba.

Shekara ta zagayo, kumatun Tasalla sun fara dawowa, sai ga gwaggo ta shigo suna tsakar ci. "Iye! Rumbu ya soma cika!"

Hannun Tasalla ya tsaya tsakanin akushi da baki.

Jatau ya ce, "Yaya, bakinki ya ci mini rabin 'ya. Sauran rabin nawa ne. Ga ƙofa."

Ya riƙe lomarsa yana jira. Ya jira har miya ta huce. Tasalla ta kai tata baki.

To jama'a, jikin mutum amanar Allah ce, ba a ba ku awonsa ba. Kuna nan kuna gyaɗa kai, kowa ya ɗauka shi ne Jatau. Ƙarya ne, yawancinmu gwaggo ce. Wanda ba zai iya jiran loma ba, ya iya rufe bakinsa.