Ɗakin Masu Biyar

Akwai wata yarinya, autar gidansu, da ake kira Gimbiya. Ba sarauta ta gada ba, kawai dai ko cokalin da ta ci abinci da shi ba ta taɓa wankewa ba.

Da ta samu gurbi a jami'a, aka turo fom ɗin neman ɗakin kwana. Tambayoyi ne birjik: ƙarfe nawa kike kwanciya, kina munshari, nawa za ki ba kanki a tsafta daga ɗaya zuwa biyar?

Yayarta ce ke cike mata a waya. Gimbiya na kwance a kan doguwar kujera ta ce a sa mata biyar. Yayar ta dubi tulin wankin da ke bayan ƙofa, ta dubi mahaifiyarsu. Umma kuwa ta daɗe da gajiya da faɗa, sai kawai ta ce, "Auta, ki faɗi gaskiya. Ɗaki ba ya rufa wa hali asiri."

Gimbiya ta yi dariya ta fasa musu dabararta: in ta ce ita mai tsafta ce, da masu tsafta za a haɗa ta, su yi ta shara tana miƙe ƙafa.

Ranar shiga, babanta ya ɗauki akwatinta har hawa na huɗu, yana haki yana hutawa a kowane bene. Gado huɗu, taga ɗaya, ga sabuwar tsintsiya a lungu cikin ledarta. 'Yan mata uku suka tarbe ta, kowacce fes-fes. Gimbiya ta ce a ranta, kakata ta yanke saƙa.

Sati guda, babu wadda ta taɓa tsintsiyar. Sati uku, kwandon shara ya tumbatsa, kofunan shayi har sun fara tsirar gemu. Kowacce sai ta tsallake datti tana satar kallon 'yar'uwarta, tana jiran mai tsaftar ta motsa.

Matar da ke kula da ginin, wadda ɗalibai ke ce wa Mai Makulli, shekara ashirin da biyu tana hawan benen nan da ciwon gwiwa. Sau biyu tana liƙa musu takardar gargaɗi. A na uku doka ta ce a kwashe kaya, a ba masu jira gadon. Gidan su Gimbiya kuwa tafiyar yini ce, in gado ya tafi, karatu ya bi shi.

Sai Gimbiya ta sauko ofis tana neman a canza mata ɗaki, wai an haɗa ta da ƙazamai. Mai Makulli ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta jawo durowa, ta jera fom huɗu a kan tebur. Biyar, biyar, biyar, biyar.

"'Yata, mai tsaftar gaske uku take ba kanta, don kullum tana hango saura. Masu biyar kuwa ɗaki ɗaya nake tara su duk shekara. Na gaji da ganin an mai da 'ya'yan mutane 'yan aiki. Jibi zan hawo, in gwiwa ta yarda."

Gimbiya ta koma ɗaki, ta yage ledar tsintsiya. Wadda ke gadon sama ta leƙo ta ce, "Ke ma biyar ɗin ƙarya kika sa?" Suka kwashe da dariyar da ba ta da ƙarfi, ɗaya ta ɗauki bokiti, ɗaya ta tattara kofuna.

Da Gimbiya ta kai ga wani tabo da ya ƙi fita a ƙasan gado, ta kira gida ta tambayi yadda ake goge shi. Umma ta ce, "Auta, maimaita, ban ji ba."

Ta ji sarai. Shekara goma sha takwas take jiran tambayar nan, so take ta ƙara ji.

Darasi: Wanda ya ari halin da ba nasa ba don a yi masa bauta, da irinsa za a haɗa shi. Ku tura wa duk mai ɗa ko 'ya da ke shirin cike fom, tun kafin a danna biyar.