Igiyar Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wani mai tufka igiya ana ce masa Nomau. Igiyarsa masu haƙar rijiya ke ɗaurawa a ƙugu su sauka, kuma ba a taɓa jin ta tsinke ba.

Wata shekara aka yi fari, rumbunsa ya zama wayam. Sai ga wani bafatake ya zo ya ce, "Malam Nomau, igiya gaba ashirin nake so kafin la'asar, zan kai wa masu haƙa a can nesa. In ta cika, buhun gero naka ne."

Sai Nomau ya zauna gindin katanga yana tufka. Ramar kirki ta kai gaba goma sha takwas, ta ƙare. Abin da ya saura ruɓaɓɓiya ce. Sai ya tsaya yana kallonta, ransa ya ɓaci.

Sai ga Kurege, sarkin shisshigi. Ya ce, "Cusa ruɓaɓɓiyar a tsakiya mana, ka rufe da mai kyau."

Nomau ya ce, "Ƙadangaren nan na kan katanga yana kallona, zai faɗa wa gari."

Sai Kurege ya jefi Ƙadangare da hoge, Ƙadangare ya gudu. Kurege ya ce, "To, cusa."

Nomau ya ce, "In ta tsinke, mai gari zai sa a yi mini bulala."

Kurege ya ce, "Tafiyar wata guda za a yi da ita. Wa ya san sunanka a can? Cusa."

Nomau ya ce, "Allah yana gani."

Kurege ya sosa kunne, ya ce, "Shi kam ba ya koruwa. Amma mai gafara ne, kuma ya san iyalinka na jin yunwa. Ka tuba daga baya."

Kai, Kurege ya iya bakinsa. Sai Nomau ya cusa, ya rufe, igiya ta cika gaba ashirin, sumul ba alama.

Ya ɗauka yana naɗewa. Da hannunsa ya zo daidai wurin ruɓaɓɓiyar, sai ya tsaya. Ya tuna yana saurayi ya taɓa sauka rijiya, ƙasa ta fara zubowa. Ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai ɗan haske da igiya. Ita ta fito da shi, kuma har yau bai san wanda ya tufka ta ba.

Sai ya zauna ya warware.

Bafatake ya dawo. Nomau ya ce, "Sha takwas ce, ramata ta ƙare." Bafatake ya ɗaure buhunsa a jaki, ya yi gaba.

Kurege ya ce, "Ga shi ba gero. Wa kake tsoro ne? Ba kowa a nan."

Nomau ya ce, "Akwai na cikin rijiya."

"Ai ba ka san shi ba."

"Na san shi. Na taɓa zama shi."

Ranar nan ganyen tafasa suka ci a gidan Nomau, shi kuwa ya ci, ransa fes.

To kun ji. Mai barin mugunta don ana kallonsa, in aka kori mai kallon zai aikata. Wanda ya sa kansa a matsayin ɗan'uwansa kuwa, ba shi da ƙadangaren da za a jefa.

Kurunkus, nan ta tsaya.