Jakin Nomau, Gaba da Baya

Dagacin wani ƙauye ya saurari muhawarar gurguzu da jari-hujja a rediyo, sai ya tsinci abin da ya yi masa daɗi a kowanne. Ya sa aka kira Nomau mai jaki.

Ya ce, "Nomau, jakinka na jama'a ne, zai riƙa yi mana dakon ƙasa. Kuma naka ne, za ka biya harajinsa."

Nomau ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, kaina ba ya ja. Ina ne nawa, ina ne na jama'a?"

"Gaba naka, baya na jama'a."

"Wato ni da bakin ci, jama'a da taki. Godiya nake."

Ana nan, ran kasuwa jakin ya yi harbi, ya fasa randar ƙofar dagaci. Aka jawo Nomau.

Dagaci ya daka tsawa. "Sai ka biya!"

"Ranka ya daɗe, da wace ƙafa ya yi harbin?"

"Ta baya mana! Jaki na harbi da ta gaba ne?"

"Ashe ƙafar jama'a ce. To wa ke ɗaukar nauyin jama'a in ba uban jama'a ba?"

Dagaci ya ce, "Kwashi jakinka, gaba da baya, ka ba ni wuri!"

Nomau ya fito yana taƙama, ya dafa bayan jakinsa. Jakin ya zabga masa ƙafa a ƙwauri.

Ya zauna dirshan yana murzawa, ya ce, "Kaico, Nomau sarkin wayo! Da ɗazu ka harbe ni, da dagaci ne zai biya kuɗin ɗori."