Gadon Bakin Tukunya

Akwai wani lebura mai shimfiɗa kwalta da kowa ke kira Auta. Shi ne mai manjagara, yana baza kwalta a bayan tifa. Yayansa kuwa, wanda suke wa laƙabi da Garwashi, shi ne mai tsaron tukunyar da ake dafa kwaltar.

A wajen aikin nan, tsayuwa a bakin tukunya ita ce mazantaka. Hayaƙi ya turnuƙe ka, idonka ya yi ja, ba ka kau da kai ba. Wanda ya ɗaura ko ƙyalle a hanci, ranar ya zama abin dariya. In an tashi, a wanke hannu da wuya da man dizal, a kora da madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji.

Garwashi ya yi shekaru a haka. Sai tari. Sai rama. Mutumin da ke ɗaga ganga shi kaɗai ya koma sai an riƙe masa kofi.

A asibiti likita ta ja Auta gefe ta tambayi sana'ar mara lafiyar. Ya faɗa mata.

"Ba zan ce aikin kaɗai ne sanadi ba," in ji ta. "Amma irin hayaƙin nan ba a huhu yake tsayawa ba. Yana iya kaiwa har cikin ƙwayoyin halitta, inda jiki ke ajiye tsarin da yake sabunta kansa, ya ɓata shi. Ta fata ma yana shiga."

"Ai yana shan madara kullum," in ji Auta.

"Madara ba ta zuwa can."

Garwashi ya rasu ya bar matarsa da yara uku. Aka wanke shi, amma baƙin da ke ƙarƙashin farcensa bai fita ba. Da shi aka kai shi.

Bayan zaman makoki Auta ya koma aiki, domin yanzu bakunan gidan duka shi suke kallo. Ogan aikin ya tare shi da fara'a, ya dafa kafaɗarsa.

"Auta, mun yi rashi. Amma gado ba ya faɗuwa ƙasa. Daga yau tukunyar yayanka taka ce."

Leburori suka yi shewa. Auta ya dubi wurin da yayansa ke tsayawa. Har ƙasar ta lotsa da sawun takalminsa.

"Oga, ba zan tsaya ba."

"Me ka ce?"

"Sai an kawo takunkumi mai tace iska da safar hannu, na kowa da kowa. A juya tukunyar nan iska ta daina kaɗo mana hayaƙi. A kawo sabulu, a ɗauke jarkar dizal ɗin can."

Baba Mai Rola, tsohon direban injin danne titi, ya kwashe da dariya daga saman kujerarsa. "Kai, ku kawo wa amarya turare! Yaro, yayanka namiji ne. Ko sau ɗaya bai rufe hanci ba."

"Haka ne, Baba," in ji Auta. "Ni na rufe masa shi, da auduga."

Dariya ta ɗauke. Babu abin da ake ji sai ɓararrakar tukunya.

Tifa tana tsaye cike da kwalta mai zafi, ita kuwa kwalta ba ta jira. In ta huce, ta zama dutse. Oga ya dubi tifa, ya dubi Auta.

"Ajali ne ya ɗauki yayanka! Ko kai za ka hana mutuwa?"

"Ba zan hana ta ba. Amma ba zan hura mata wuta da hannuna ba."

"To ajiye manjagarata ka kama gabanka. Saura, ku hau aiki!"

Auta ya ajiye. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar rola ta mutu. Baba Mai Rola ya sauko a hankali, yana danne wani tari da ya daɗe yana ɓoyewa. Wani lebura ya yar da shebur ɗinsa a ƙasa. Wani ma ya yar da nasa.

Oga ya yi zagi, ya yi lallashi, tururin tifa yana raguwa a kan idonsa. Daga ƙarshe ya ce, "Na ji, za a kawo! Amma wancan mai taurin kan ba zai dawo min nan ba."

"In dai za a kawo, na tafi," in ji Auta.

"Rola kuma," in ji Baba, "ba za ta tashi ba sai ta ga kayan da idonta."

Auta ya isa gida rana tsaka. Matar yayansa tana shanya kayan yara a igiya. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Yaya, an kore ni. Sun ba ni tukunya, na ƙi. Ban san me yaran nan za su ci ba."

Ta dube shi, jiƙaƙƙiyar riga a hannunta tana ɗiga.

"Shigo, Auta," ta ce. "Na ga yadda ake shigo da mutum gidan nan a kwance. Kai da ƙafarka ka zo."

Darasi: Jure wa guba ba jarumta ba ce. Jarumi shi ne wanda ya ce a'a ana masa dariya. In aikinka na hayaƙi ne, nemi kariya tun kana tsaye da ƙafarka, kuma kada ka yi wa mai nemanta ba'a. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana aikin titi, ko da zai ji haushinku.