Gizo da Zanen Bangon Tudun Ɗorawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara yunwa ta kori Gizo da matarsa Ƙoƙi, suka sauka wani gari mai suna Tudun Ɗorawa. A garin nan ba a ba baƙo gona sai ya zana labarin ƙasar a bangon ɗakinsa. Aka haɗa shi da Iya Ladingo, tsohuwar da ta fi kowa iya zane. Ta ce ya samo jar ƙasa da farar ƙasa da ɓawon ɗorawa, amma duk inda ya je ya yi sallama, ya zauna ya saurara.

Gizo ya je suri neman jar ƙasa. Gara ta fara ba shi labarin yadda kakannin garin suka yi alkawarin ba za su rushe gidanta ba. Gizo ya yi hamma, ya ɓantari suri har da 'ya'yanta a ciki, ya arce.

Ya je rafi. Kwaɗo ya soma nuna masa gefen da ake ɗiba da gefen da ake bar wa kifi. Gizo ya ce kunnensa na ciwo, ya kwashi gishirin kanwa, yana zaton farar ƙasa ce.

Ya je gindin ɗorawa. Kurciya ta ce, "Tsaya, baƙo, sai an jiƙa ɓawon nan kafin ya riƙe bango." Gizo ya ce ai shi ya koya wa kakarta.

Ya dawo ya cika bango da hoton kansa, da ƙaton rawani da tumbi. Ƙoƙi ta duba ta ce, "Malam, ina ƙasar take a nan?" Ya ce tana ƙarƙashin takalminsa.

Ranar da dattawa suka zo dubawa, awaki suka ji ƙanshin kanwa, suka lashe rawanin tas. Gara ta riga ta cinye bangon ta ciki. Gizo ya jingina zai yi bayani, sai bango ya rufto masa, ƙafafu kawai ake gani suna rawa. Aka ce babu gona.

Ƙoƙi ta ja shi da kunne har wurin Iya Ladingo. Ya koma suri da rafi da ɗorawa, ya ba da haƙuri, ya saurara har ƙarshe. Da ya gyara bango ya sake zane, sai ga rafi da kifayensa, ga suri, ga ɗorawa da mutane a inuwarta. Tsohuwa ta tambaye shi ina nasa hoton. Ya nuna wani ɗan ɗigo a kusurwa. Ta yi dariya, aka yanka masa gona.

To, jikokina, wanda yake son ƙasa ta ciyar da shi, sai ya fara sauraron waɗanda ya tarar a kanta.

Kungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.