Damin Farko a Gidan Tunau

Ku gyara zama. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma kowa ya riƙe bakinsa sai na kai ƙarshe.

A Gidan Tunau, wani ƙauyen Maguzawa, an yi wani mai bishara, Malam Istifanus. Mutumin nan bai san rabon tsaba ba. In ka je masa da kukan yunwa, fartanya zai miƙo maka. Shi ya matsa wa 'yan ikilisiya suka gina rumbu a bayan coci, kowane gida ya zuba ƙwaryar gero da kaka, a kan ba mai taɓawa sai ranar shuka. Ya sha zagi har ya gode Allah. Tsaron rumbun kuwa aka damƙa wa Rifkatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Lami.

Sai aka yi fari. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, sai ragowar irin da ba a shuka ba ya rage a rumbu. Kafin bazara an cinye awaki, an koma dusa, dusar ma ta ƙare. Manyan mishan suka aiko Istifanus ya dawo birni, ya ƙi. Matarsa ta kwashi yara ta tafi, shi ya zauna yana rama tare da kowa.

Mutane suka fara zama a gindin rumbu, sun zuba masa ido. Rifkatu ta dubi idon Lami da ya faɗa, ta san ita da kanta za ta buɗe in aka ƙara kwana biyu. Tsoron zuciyarta ya kama ta. Ta ɗauko garin maganin nan da ake cuɗa iri da shi saboda ƙwari, ta cuɗe geron kaf a gaban jama'a har ya yi ja wur.

Ta ce, "Kun dai gani da idonku. Wanda ya ci, ya mutu."

Irin ya tsira. Amma Lami ta ɗebi hannu guda a ɓoye, ta wanke shi tas ta ci, a ganinta tunda jan ya fita maganin ma ya fita. Kafin azahar an binne ta.

Akwai kuma Nomau, tsohon maharbi, wanda bai taɓa taka coci ba kuma bai ɓoye ba. Shi kaɗai ya san inda rogon daji yake, da yadda ake jiƙa shi da toka har dafin ya fita. Kullum sai ya shiga dawa ya dawo da kaya niƙi-niƙi, bai tambayi kowa wa yake bauta wa ba. Da wannan aka riƙe rai har ruwa ya sauka, mutane suka iya ɗaga sungumi. Ƙafafun Nomau kuwa suka kumbura, bai sake iya miƙewa tsaye ba.

Gero ya yi. Ranar godiyar kaka dattawa suka ce damin farko na wanda ya ceci gari ne. In ba Istifanus, babu rumbu. In ba Nomau, babu mai shuka. In ba Rifkatu, an cinye irin tun bazara. Ita tana can bayan coci a zaune, ta ture tuwon sabon geron nan gefe.

To, ku da kuka ƙoshi, a gaban wa za ku ajiye damin nan?